Kwaɗi Sun Sake Dangi, Kududdufi Ya Koma Fili

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, in dai ya zauna ajin ilimin halittu, sunaye biyu aka ba shi ya haddace a kan kwaɗi: Bufo da Rana. Bufo shi ne kwaɗon gida mai kaushin fata, wanda ke yini a gindin randa, dare ya yi ya fito ƙarƙashin fitila yana lasar ƙwari. Rana kuwa, sunan da ya fito daga harshen Latin, shi ne na ruwa, mai santsin jiki da dogayen ƙafafu, wanda kafin ka kai masa hannu ya daka tsalle ya faɗa kududdufi. Babban danginsa ake kira Ranidae, masana kuma suna ce musu kwaɗin asali. A wancan zamanin, in ka tambayi malami wane ne kwaɗon asali a wajenmu, burduddugi zai nuna maka, kuma bai yi kuskure ba bisa ilimin lokacinsa. Yau in ka buɗe sabbin littattafai ba za ka sami burduddugi a cikin wannan dangi ba. Kwaɗon yana nan yadda Allah ya halicce shi, sanin da aka yi masa ne ya ƙaru.

Tushen sunan ya koma shekarar 1758, lokacin da masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tsara sunayen dabbobi. Duk kwaɗin da ya sani, na tudu da na ruwa da masu hawa bishiya, gida ɗaya ya zuba su, har kwaɗon tudu na Turai ma Rana bufo ya kira shi. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta tsame wasu suna ba su gidajensu, amma gidan Rana ya ci gaba da zama ɗakin shirgi: duk kwaɗon da aka kawo daga wata nahiya, in yana da santsi da dogon tsalle, nan ake jefa shi. Haka Albert Günther na gidan tarihin Birtaniya ya raɗa wa burduddugin namu Rana occipitalis a 1858, saboda wata tsaga da ta ratsa kansa ta bayan idanu. Haka kuma George Boulenger ya kira ƙaton kwaɗon nan na Kamaru Rana goliath a 1906.

Ba na ganin laifinsu. Abin da ke gabansu gawar kwaɗo ce a cikin kwalba, sai wuƙa da ido. Sukan duba ko akwai ƙananan haƙora a muƙamuƙin sama, abin da kwaɗon tudu ba shi da shi sam. Sukan duba ƙasusuwan kafaɗa ko sun haɗe a tsakiyar ƙirji, da fatar da ke tsakanin yatsun ƙafar baya, da faifan kunnen nan da ke fili a bayan ido. Matsalar ita ce, rayuwar bakin ruwa takan ƙera jiki iri guda ko da asali ya bambanta. Duk kwaɗon da abincinsa ke gaɓa, mafakarsa ke cikin ruwa, dole ya yi doguwar cinya da tafin iyo da kai mai tsini. Kama ta yi yawa, har ta rufe asali.

Jikin kwaɗon nan kuwa shi ne mabuɗin duk abin da ya same shi daga baya, kuma fatarsa ce kan gaba. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake a danshi, fatar ƙasan cikinsa ta tsotse. Yana da huhu, amma wani kaso na numfashinsa ta fata yake bi, shi ya sa yake iya daɗewa a nutse, shi ya sa kuma in fatar ta bushe ya shiga uku. Harshensa a gaban baki yake maƙale, ba a can ciki ba, sai ya wurgo shi waje ya manne fara ko shinge cikin ƙiftawar ido. In zai haɗiye, idanunsa kan nutsa ciki su taya tura abincin. Shi ma abincin wasu ne: zalɓe da maciji da guza da tarwaɗa duk suna rayuwa a kansa.

Da faɗuwar ruwan farko mai ƙarfi, maza ke taruwa su ta da kuka. Abin da kunnenmu ke ji tamkar hayaniya ɗaya, a gaskiya muryoyi ne daban-daban, kowane nau'i da nasa kiran, mace kuma ba ta amsa sai na jinsinta. Namiji ya ɗare bayanta ya rungume ta ta hammata, tana zuba ƙwai a ruwa yana barbararsu a waje. Kwaɗon tudu jera ƙwansa yake a dogon zare, na ruwa kuwa galibi a dunƙule ko a warwatse. Abin da ke ƙyanƙyashewa ba ya kama da iyayensa: ɗan mulmulallen kai da wutsiya, yana numfashi irin na kifi, yana kankarar gansakuka da dogon hanji a naɗe. Daga nan sai tsere da lokaci, domin ruwan na ƙafewa. Ƙafafun baya su fito, na gaba su huda fata, hanji ya gajarce, baki ya buɗe, wutsiya ta narke jiki ya cinye ta. Tun a 1912 wani mai bincike, Gudernatsch, ya nuna abin da ke kunna wannan sauyi. Ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi da naman ƙullutun nan na wuya, wanda in ya kumbura a jikin mutum ake samun maƙoƙo, sai suka rikiɗe kafin lokacinsu suka zama mitsi-mitsin kwaɗi. Sinadarin da ke tafiyar da girman ɗan Adam shi ne ke mai da mai wutsiya mai ƙafa. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji girman abin a raina.

Muna yara ana ce mana daga sama kwaɗi ke faɗowa tare da ruwa, don ba a ganinsu duk rani sai ga su dare ɗaya. Ashe suna ƙarƙashin ƙafafunmu. Wasu na shigewa tsagar laka da ramuka da bakin rijiya. Manyan nan na gidan Pyxicephalus kuwa binne kansu suke, su naɗe jiki da ɓawon tsohuwar fatarsu, hancinsu kaɗai a buɗe, su kwanta watanni har ruwa ya jiƙa ƙasar. Burduddugi shi nasa salon daban ne. 'Ya'yansa mafarauta ne masu ƙarfin baki, suna cin tsutsar sauro da 'ya'yan wasu kwaɗi, har da ƙannensu. Wani bincike da aka yi a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, aka buga a 1997, ya nuna iyayen ba ko'ina suke zuba ƙwai ba: sukan zaɓi ramin dutsen da zai riƙe ruwa ya daɗe, su kuma kauce wa wanda manyan 'ya'yan jinsinsu suka riga suka cika.

Babban juyin da ya taɓa littattafai ya zo ne da aka fara karanta ƙwayoyin gado na DNA. A 2006 Darrel Frost na gidan tarihin halittu da ke New York, shi da tawagar masana, suka fitar da wani ƙaton aiki a kan salsalar kwaɗi da 'yan uwansu. Tun kafin nan wasu sun fara yanka gidan Rana, amma wannan aiki da waɗanda suka biyo bayansa ne suka raba dangin kowa ya kama gabansa. Burduddugi ya koma dangin Dicroglossidae da suna Hoplobatrachus occipitalis, kuma sai ga shi 'yan uwansa na kusa suna Indiya da kudu maso gabashin Asiya, ba a kududdufin da ke kusa da shi ba. Siraran nan masu tsalle cikin ciyawa, Ptychadena, suka sami dangin kansu. Masu binne kansu suka sami nasu. Ƙaton Kamaru ya zama Conraua goliath a wani dangin daban. Shi ne mafi girma a kwaɗin duniya, yana kai tsawon santimita 32 da nauyin kilo uku da ɗoriya, ba a samunsa sai a kogunan kudu maso yammacin Kamaru da Ikwatoriyal Gini, kuma a 2019 aka ba da rahoton cewa yakan ture duwatsu masu nauyin kusan kilo biyu ya haƙa wa ƙwansa gurbi a gefen kogi.

Da ƙura ta lafa, gida ɗaya tak ya rage wa kwaɗin asali a Afirka kudu da Sahara, wato Amnirana. Yawancinsu a kurmi suke. Wakilinsu a ƙasar ciyawa irin tamu shi ne Amnirana galamensis, mai ratsin fari-fari a leɓe da gefen baya, wanda aka sa wa suna a 1841 daga yankin Galam na kogin Senegal. A arewacin Afirka kuma akwai Pelophylax saharicus a ƙoramu da dausayoyi. Cibiyar dangin tana Asiya, daga can suka bazu zuwa Turai da Amurka, nau'i sama da 400, amma Ostareliya nau'i ɗaya kawai ya isa can, a ƙuryar arewa. A cikinsu akwai na dazuzzukan Alaska wanda jikinsa ke daskarewa da hunturu, zuciya ta tsaya cak, sukarin da hantarsa ta zuba a jini ya kare shi, dumi ya dawo ya farka. Akwai na ƙoramun tsaunin Huangshan a ƙasar Sin, wanda aka gano a 2006 yana kira da siririyar muryar da kunnen mutum ba ya kamawa, domin rugugin ruwa ya danne duk wata murya ta ƙasa. Har yau ma masana ba su gama jayayya ba: kwaɗin Amurka wasu na rubuta su Lithobates, wasu sun tsaya kan Rana.

Na ji masu cewa wannan duk wahalar da ɗalibai ce. Ban yarda ba. Tsohon suna yana ce maka waɗannan duk abu ɗaya ne, sabon yana gaya maka tarihi: daga ina wannan ya fito, da wa yake da jini, me za a zata daga gare shi. Kuma cire burduddugi daga cikin na asali bai rage masa komai ba, tunda sunan ya samo asali ne daga kwaɗon da Turawa suka fara sani a ƙasarsu.

Sai dai a daidai shekarun da ake wannan tantancewa, wani sauyin yana tafiya a waje, kuma shi ne ya fi damuna. A 1989 masana kwaɗi da dabbobi masu jan ciki suka yi babban taronsu na duniya na farko a Canterbury ta Ingila. A hirarrakin bayan zama kowa ya riƙa ba da labari iri ɗaya: wurin da ya saba samun kwaɗi ya koma bai same su ba, a Ostareliya, a tsakiyar Amurka, har cikin gandun da ba a taɓa sare wa bishiya ba. Shekaru goma bayan nan, a 1999, aka sa wa ɗaya daga cikin masu laifin suna, wani nau'in funfuna mai kama fatar kwaɗo ya kaurara ta. Dabbar da ke sha da numfashi ta fata, in fatar ta toshe, gishirin jininta ya rikice, zuciya ta buga. Wani nazari na 2019 ya ɗora wa wannan cuta alhakin raguwar nau'i 501, ciki har da 90 da ake jin sun ƙare. Cinikin kwaɗi tsakanin nahiyoyi ya taimaka wajen yaɗa ta, musamman babban kwaɗon Amurka da ake kiwo don ci, wanda ke ɗauke da cutar ba tare da ta kayar da shi ba. A tsaunukan Oku da Manengouba na Kamaru an ga raguwar kwaɗi bayan ɓullarta. Ƙididdigar duniya ta 2004 ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na kwaɗi da danginsu suna cikin haɗari. Ta 2023 ta ce kashi 41 cikin ɗari, kuma babban dalili har yanzu shi ne ɓacewar muhalli.

Wannan na ƙarshen ba sai an karanta mana shi ba. Tsofaffin biranenmu, Kano da Zariya da Katsina, da ƙasa aka gina su, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini da ta ganuwa rami ya rage. Damina ta cika shi, ya zama kududdufi. Unguwa da kududdufinta, kududdufi da kwaɗinsa. Da bulo da siminti suka zo, fili ya yi tsada, sai aka bi su da shara da ɓaraguzai ana cikewa, aka yanka filaye, aka dasa shaguna. Ba zan yi wa kududdufi ado ba: ya ci yara, ya tara sauro da ƙazanta, iyaye da yawa sun yi hamdala ranar da aka rufe na bayan gidansu. Amma shi ne ke shanye ruwan unguwa in an yi kamar da bakin ƙwarya, kuma ruwan da ya rasa masauki yanzu cikin ɗakunan mutane yake kwana. Yaron da ya tashi a irin waɗannan unguwanni yau yana iya gama firamare bai taɓa ɗebo 'ya'yan kwaɗi a gwangwani ya zuba musu ido har su fid da ƙafa ba.

A karkara sauyin ta wata hanya ya biyo. Fadamar Haɗeja da Nguru ambaliyar shekara-shekara ce ke raya ta: ruwa ya malala da damina, ya ja da baya da kaka, ya bar dubban tafkuna marasa zurfi. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage wannan malala, suka kuma sa ruwa na gudu a wasu hanyoyin duk shekara, ciyawar kacalla ta toshe su. Wani zai ce ai ruwan da ba ya ƙafewa ya fi wa kwaɗo. Ba haka ba ne ga yawancin kwaɗin ƙasarmu. Ruwa mai ɗorewa kifi ke mulkinsa, kifi kuwa ƙwai da 'ya'yan kwaɗi yake ci. Abin da suke bukata shi ne ruwan da zai zauna 'yan makonni, ya isa ɗa ya fid da ƙafa, sannan ya bushe kafin kifi ya kafu. In ya ƙafe da wuri an yi asarar haihuwar shekara, in ya ƙi ƙafewa an ba wasu gidan. Burduddugi dai yana da juriya, yakan bi gonakin shinkafa da hanyoyin ban ruwa ya rayu. Can kuma feshi ke jiransa. Maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa cikin shekarun nan, a bakin rafi ake wanke tankin feshi, fatar kwaɗo kuma ba ta tace abin da take tsotsa. A 2002 Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoton cewa ɗan kaɗan na atrazine, wanda manoman masara suka sani sarai, yana gurɓata halittar mazan kwaɗi. Masu yin maganin sun musa, an daɗe ana ja-in-ja, amma Tarayyar Turai ta riga ta janye izininsa saboda yadda yake gangarawa ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Ga kuma fatauci. Yawancin Hausawa ba sa cin kwaɗo, kuma akwai hadisin da aka ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi, ko da yake malaman mazhabobi sun saɓa a kan hukuncin cinsa. Wannan bai hana kasuwa ci ba. Ana kama burduddugi da tocila cikin dare, a busar ko a ƙyafe, a ɗura a buhu a yi kudu da shi. Wani rahoto na 2010 ya gano cewa mutum 32 kacal da aka zanta da su a Najeriya suna juya kwaɗi sama da miliyan biyu da rabi a shekara, kuma masu kamun har Malanville ta arewacin Jamhuriyar Benin suke kaiwa. Ba na zargin mai kamu, talaka ne da ya sami abin rufin asiri a lokacin da gona ba ta ba da komai. Abin tsoron shi ne kamun ya fi sauƙi a lokaci biyu mafi muni: da rani in sun taru a ɗan ruwan da ya rage, da farkon damina in sun fito haihuwa. Indiya ta bi wannan hanya da ɗan uwan burduddugin namu, tana fitar da cinyoyinsa zuwa Turai, har aka fara kukan ƙwari sun yi yawa a gonakin shinkafa, kuɗin magani ya hau. A 1987 ta haramta fitar da su, cinikin ya koma Indunusiya.

A nan ne nake ganin amfanin waccan tantancewa ta sunaye. Wanda ya ɗauka kwaɗo kwaɗo ne, muddin yana jin wani kuka da daddare zai ce lafiya lau. Kwaɗon gida yana jure kwata da bola, zai yi ta kuka ko da sauran sun tafi. Sai wanda ya san muryoyi zai lura cewa inda ake jin kira iri bakwai yanzu biyu suka rage. Littafin da aka fi dogaro da shi a kan kwaɗin ƙasar ciyawa ta Afirka ta Yamma, wanda Bajamushe Mark-Oliver Rödel ya fitar a 2000, a Comoé aka yi mafi yawan aikinsa. Muna da sassan ilimin halittu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma aikin ba ya cin kuɗi: wayar hannu mai ɗaukar murya, tafki guda da za a riƙa komawa kowane Yuni da Yuli, da littafin da za a ajiye wa ɗaliban da ke tafe. Ina fata a ce an fara wannan tun kafin a gina Tiga.

A jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, burduddugi da Amnirana galamensis duka suna rukunin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasar da suka mamaye daga Senegal har gabashin Afirka. Hukuncin daidai ne a ma'aunin nahiya. Amma nau'i na iya ƙarewa ƙaf a fadamar gari guda, ko a jiha guda, wannan jerin bai motsa ba.